Bowenait: Koren Dutsen Da A Ke Sayarwa Da Sunan Wani

Gabatarwa

Allah Ya ajiye albarkatu iri iri a cikin ƙasa. Waɗansu a kan yi gini da su, waɗansu ƙira, waɗansu kuwa ado. Daga cikin duwatsun ado akwai wani da masana ke kira bowenait. Launinsa tsanwa ne mai sirkin rawaya, kamar lemun tsami da ya fara nuna. Idan aka goge shi ya kan yi santsi da sheƙi kamar an shafa masa mai, idan kuma aka ɗaga siririnsa wajen rana sai a ga haske yana ratsa shi.

Dutse ne mai kyau, yana kuma da darajarsa daidai gwargwado. Sai dai ba kasafai a ke sayar da shi da sunansa ba. A kasuwannin duniya a kan laƙa masa sunan jed, watau wani koren dutse dabam wanda ya fi shi ƙarfi da tsada nesa ba kusa ba. Yau fataken Nijeriya suna zuwa ƙasar Sin da ƙasashen Larabawa suna saro carbi da zobba da awarwaro da duwatsun wuya, samari da yawa kuma sun shiga aikin haƙar ma'adinai. Saboda haka ya kamata jama'a su san wannan dutse: asalinsa, da siffofinsa, da wuraren da a ke samunsa, da yadda a ke rarrabe shi da jed, da kuma haɗarin da ke cikin ƙurar danginsa.

Danginsa da sunansa

Bowenait ɗaya ne daga cikin dangin duwatsun da a ke kira sarfentin. Wannan suna daga harshen Latin ya fito, daga kalmar da ke nufin maciji, domin yawancin duwatsun nan kore ne mai dabbare-dabbare da santsi, kamar fatar maciji. Abubuwa uku ne suka haɗu suka yi jikinsu: maganisiyam, da silika, watau sinadarin da ke cikin farin yashi, da kuma ruwa. Ruwan ba jiƙa dutsen ya yi ba. Yana ɗaure ne a cikin ƙirar jikinsa, har ya kai wajen kashi 13 cikin 100 na nauyinsa, kuma ba ya fita sai an gasa dutsen da wuta mai tsanani.

Dangin sarfentin manyan rassa uku gare shi. Na farko shi ne antigorait, wanda ya sami sunansa daga kwarin Antigoriyo na arewacin Italiya. Na biyu lizadait, daga wani zirin ƙasa mai suna Lizad a kudu maso yammacin Ingila. Na uku kirisotail, wanda ke fitowa zare-zare kamar auduga, shi ne kuma a ke kira farin asbestos. Bowenait wani nau'i ne na antigorait. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, sun kuma sarƙe da juna ƙam-ƙam, wannan ya sa ya fi yawancin danginsa tauri, ya kuma fi karɓar guga.

Tarihin sunan kansa abin lura ne. A shekarar 1822 wani saurayi masanin haɗa sinadarai a Amurka, George T. Bowen, ya bincika wani koren dutse da aka samo a Smithfield ta jihar Rhode Island. Ya ɗauka wani nau'i ne na jed, haka kuma ya rubuta. A shekarar 1850 shahararren masanin ma'adinai James Dwight Dana ya raɗa wa dutsen suna bowenait domin tunawa da Bowen. Sai a shekarar 1853 waɗansu masana biyu suka sake auna shi, suka tabbatar cewa sarfentin ne. Ke nan tun ranar farko dutsen nan ya ruɗi masani a ɗakin bincikensa, balle mai saye da ke tsaye a bakin shago.

Yadda ya ke samuwa

Hanya biyu ce dutsen sarfentin ke samuwa, kuma ruwa da zafi ne ke yin aikin a cikin kowacce.

Hanya ta farko tana farawa can ƙarƙashin ɓawon duniya, inda akwai wani dutse mai nauyi wanda yawancin jikinsa ma'adinin olibin ne. Idan motsin ƙasa ya turo wannan dutse sama, ruwa ya ratsa tsagoginsa a cikin zafin da bai wuce wajen digiri 500 na ma'aunin santigiret ba, sai olibin ya sha ruwan ya rikiɗa ya zama sarfentin. Yayin rikiɗar nan dutsen ya kan kumbura, ya tsattsage, ya kuma rage nauyi. Baƙin ƙarfen da ke jikin olibin ya kan ware ya zama ƙananan baƙaƙen ƙwayoyi waɗanda mayen ƙarfe ke jawowa. Su ne baƙaƙen ɗigo-ɗigon da a kan gani a jikin sarfentin da yawa.

Hanya ta biyu tana aukuwa ne a cikin dutsen farar ƙasa mai yawan maganisiyam. Idan ruwan zafi mai ɗauke da silika ya ratsa irin wannan dutse, sai maganisiyam da silika da ruwan su haɗu su zama sarfentin, a cikin jijiyoyi ko dunƙule-dunƙule. Da ya ke baƙin ƙarfe kaɗan ne a irin wannan wuri, dutsen ya kan fito da launi mai haske, tsanwa ko rawaya-rawaya, ba tare da baƙin ɗigo mai yawa ba. Bowenait na Rhode Island da na arewa maso gabashin Sin ta wannan hanya suka samu. Ashe yawan baƙin ƙarfe ko ƙarancinsa shi ne babban abin da ke sa launin ya yi duhu ko ya yi haske.

Siffofinsa

Masana suna auna taurin ma'adinai da wani ma'auni mai hawa 10 wanda Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a shekarar 1812. Kowane ma'adini yana iya karce wanda ke ƙasa da shi, amma ba ya iya karce na sama da shi. A bisa wannan ma'auni farcen mutum yana wajen 2.5, bakin wuƙa da gilashin taga wajen 5.5, farin dutsen da ke cikin yashi 7, daimon kuwa 10. Sarfentin na yau da kullum yana tsakanin 2.5 da 4, wuƙa tana yankarsa ba wuya. Bowenait ya fi haka, yana kai wa 5 zuwa 5.5.

Wajen nauyi, bowenait ya ninka nauyin ruwa mai girmansa wajen sau 2.6. Sheƙinsa irin na kakin zuma ne ko na maiƙo, ba irin na gilashi ba. Idan aka taɓa shi a kan ji santsi kamar na sabulu. Haske ya kan ratsa shi amma ba a hango abin da ke bayansa sosai, sau da yawa kuma a kan ga waɗansu fararen tabo a cikinsa kamar gajimare. Idan aka karce shi garin da ya ke bayarwa fari ne, kome korensa.

Wuraren da a ke samunsa

A Amurka, jihar Rhode Island ce mahaifar sunan. Ana samunsa a ramukan haƙar farar ƙasa na arewacin jihar, a shekarar 1966 kuma jihar ta ɗauke shi a matsayin ma'adinin da ke wakiltarta.

A ƙasar New Zealand ana samunsa a wani lungun teku na kudu maso yammacin tsibirin kudu, wanda Turawa ke kira Milford Sound, mutanen Mawori 'yan asalin ƙasar kuwa suna ce masa Piopiotahi. Mawori suna kiran dutsen tangiwai, ma'ana ruwan hawaye, domin mai kyau daga cikinsa garau ya ke kamar ɗigon ruwa. Sun sanya shi cikin jerin korayen duwatsun da su ke girmamawa. Sun gane tun da can cewa bai kai jed ƙarfi ba, shi ya sa su kan yi gatura da makamai da jed, shi kuwa su yi 'yan kunne da abin wuya da shi. A shekarar 1997 gwamnatin ƙasar ta yi doka ta mayar da mallakar waɗannan duwatsu ga ƙabilar Ngai Tahu.

A Afganistan ana samunsa a tsaunukan gabashin ƙasar, sunansa a can sangi yashm. A da fatake su kan kai shi garin Bhera na lardin Punjab, wanda yanzu ke cikin Pakistan, inda masassaƙa ke yin ƙotar wuƙaƙe da ta takubba da shi.

Amma babbar taskarsa ita ce gundumar Shiyuyan ta lardin Liyawnin a arewa maso gabashin Sin. Sinawa sun yi dubban shekaru suna sassaƙa irin wannan dutse. A shekarar 1960 aka tono wani ƙaton dunƙule guda a can mai nauyin tan 260, daga baya aka kai shi birnin Anshan aka sassaƙa shi. Yawancin kayan da ke shiga kasuwannin duniya da sunan "sabon jed" daga irin dutsen wannan yanki a ke yin su. A Rasha ma, masana'antar Peter Carl Fabergé, mai yi wa sarakunan ƙasar kayan ado kafin juyin mulkin 1917, ta yi amfani da bowenait wajen sassaƙa ƙananan dabbobi da kayan ajiyewa bisa tebur.

Yadda za a rarrabe shi da jed

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Jed na gaskiya iri biyu ne, kamar yadda Bafaranshe Alexis Damour ya bayyana a shekarar 1863. Akwai nefirait, mai taurin 6 zuwa 6.5, wanda ya ninka nauyin ruwa kusan sau 3. Akwai kuma jedait, mai taurin 6.5 zuwa 7, wanda ya ninka nauyin ruwa wajen sau 3.3, mafi kyawunsa kuma daga ƙasar Bama ya ke fitowa. Bowenait bai kai ko ɗayansu ba, ko a tauri ko a nauyi. Ga abubuwan da mai saye zai duba:

1. Suna. Idan mai sayarwa ya ce "sabon jed", ko "jed na Koriya", ko "jed na Sujo", to galibi sarfentin a ke nufi. Duk sunan jed da aka yi masa jela abin tuhuma ne. Sai mai saye ya nemi a rubuta masa ainihin sunan dutsen a rasidi.

2. Nauyi. Wannan ita ce jarrabawar da ta fi aminci, ba ta kuma ɓata kaya. A sami ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinariya. A auna dutsen a rubuta. Sa'an nan a ɗora kofin ruwa bisa sikelin a mayar da shi sifiri, a ɗaure dutsen da zare a sauke shi cikin ruwan har ya nutse, amma kada ya taɓa gindin kofin ko gefensa. A raba nauyin farko da abin da sikelin ya nuna yanzu. Misali, idan dutsen giram 52 ne, sikelin kuma ya nuna giram 20 a cikin ruwa, amsa ita ce 2.6, watau sarfentin ne. Da jedait ne mai wannan girma, da nauyinsa ya kai giram 66. Wannan gwaji ba ya yin daidai sai da dutse tsurarsa, wanda ba a haɗa da ƙarfe ba.

3. Tauri. Tsinin wuƙa mai kyau yana barin farin karce a jikin sarfentin, ko da ya ke bowenait mai tauri sai an danna. Jedait kuwa wuƙa ba ta kama shi, sai dai ta bar wani layi mai ruwan toka wanda ƙarfen wuƙar ne, da an shafa ya goge. Ba a yin wannan gwaji sai da yardar mai kaya, kuma a ɓoyayyen wuri, kamar bakin hujin tsakiya.

4. Gilashi da rini. Wani lokaci abin da a ke sayarwa ba ma dutse ba ne, gilashi ne ko roba. Gilashi ya kan nuna ƙananan kumfa a ciki idan aka duba da madubin ƙara girma, roba kuwa ba ta da nauyi, ba ta kuma da sanyin dutse. Dutsen da aka rina a kan ga launin ya taru a cikin tsagoginsa.

5. Kuɗi. Awarwaron jedait mai kyau ba abin da a ke zubawa cikin kwando a sayar da dozin ba ne. Arahar da ta wuce kima ita kanta shaida ce.

Ba laifi ba ne a sayi bowenait ko a sayar da shi. Laifin yana wajen sayar da shi da sunan wani dutse domin a karɓi kuɗin wancan. Wannan algus ne, addini ya hana, doka ma ta hana. Falken da aka cuta a can, idan ya dawo gida ya sayar da kayan da sunan da aka gaya masa, ya zama shi ma ya cuci wani ba da saninsa ba.

Kula da shi

Wanda ya mallaki kayan bowenait ya sani ƙura tana cin sheƙinsa, domin ƙurar hunturu cike ta ke da ƙwayoyin yashi waɗanda suka fi shi tauri. Kada a goge shi a bushe. A wanke da ruwa mai ɗumi da sabulu, a tsane da ƙyalle mai laushi, a ajiye shi dabam da sauran duwatsu. A nisanta shi da wuta da ruwan batir da magungunan wanke-wanke masu ƙarfi. Ya fi dacewa da abin wuya da 'yan kunne da carbi, bisa ga zoben da zai riƙa gogar abubuwa kullum.

Haɗarin ƙura

Gogaggen dutsen da aka rataya a wuya ba ya cutar da kowa. Haɗarin yana wajen masu haƙa da masu fasawa da masu yanka. Kamar yadda aka ambata a baya, farin asbestos ɗan'uwan bowenait ne, sau da yawa kuma jijiyoyinsa suna ratsa dutsen sarfentin. Idan aka fasa dutsen ko aka niƙa shi a bushe, zarurrukan da ido ba ya gani su kan tashi cikin iska, su shiga huhu su maƙale. Suna haddasa ƙeƙashewar huhu, da sankarar huhu, da sankarar tantanin da ya lulluɓe huhu. Mugun abin shi ne ciwon ba ya bayyana sai bayan shekara 20 ko 30 ko fiye, lokacin da mutum ya manta da aikin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa kowane irin asbestos yana jawo sankara, har da farin, ta kuma ƙiyasta cewa fiye da mutum 200,000 ke mutuwa kowace shekara saboda shaƙarsa a wurin aiki. Ƙasashe fiye da 50 sun haramta amfani da shi.

Jama'ar ƙasar nan sun ga abin da niƙa dutse a cikin gida ke jawowa. A shekarar 2010 yara fiye da 400 suka rasu a Jihar Zamfara saboda gubar dalma da ke cikin dutsen zinariyar da a ke dakawa a tsakar gidaje. Gubar dabam ce, amma darasin ɗaya ne: dutsen da ba a san abin da ke cikinsa ba, ba a kai shi gida a daka. Mai yanka sarfentin ya riƙa zuba ruwa a bakin abin yankan domin ƙura ta kwanta, ya sa takunkumin fuska irin na masana'antu, ya share wurin aiki da jiƙaƙƙen tsumma, ya kuma tuɓe kayan aiki ya yi wanka kafin ya shiga cikin iyali. Duk dutsen da aka ga yana da jijiya mai zare-zare mai sheƙin siliki, a bar shi inda ya ke.

Sarfentin a Nijeriya

Masu binciken ƙasa sun gano dutsen sarfentin a cikin tsofaffin duwatsun arewa maso yammacin Nijeriya, kamar a wajen Anka ta Jihar Zamfara da wajen Ribah ta Jihar Kebbi. Irin wanda a ke samu ta hanyar farko ne, watau daga dutsen olibin, a waɗansu wuraren kuma yana tare da jijiyoyin asbestos. Ƙasar da ke bisa irin wannan dutse ba ta cika yin albarkar noma ba, domin maganisiyam da nikel sun yi mata yawa, abincin shuka kuwa ya yi kaɗan.

Ya kamata mai haƙa ya gane cewa ba kowane sarfentin ne ya isa dutsen ado ba, ba kuma kowane koren dutse ne zumurrudu ba. Zumurrudu, wanda a ke samu a jihohin Nasarawa da Kaduna, taurinsa 7.5 zuwa 8 ne, yana karce gilashi ba wahala, ya kan kuma fito da kusurwa shida. Sarfentin dunƙule ya ke fitowa ba shi da kusurwa. Wanda ya sayar da gona ko shanu ya zuba kuɗin cikin rami saboda ganin kore kawai, yana iya tashi a tutar babu.

Wanda ya tsinci dutsen da bai sani ba, sai ya kai ɗan guntu ofishin Hukumar Binciken Ƙasa ta Nijeriya, wadda aikinta ya faro tun shekarar 1919, tana kuma da babban ɗakin gwaji a Kaduna. Ko kuwa ya kai sashen ilmin duwatsu na jami'ar da ke kusa da shi. Har ila yau a tuna cewa tsarin mulkin 1999 da Dokar Ma'adinai da Haƙa ta 2007 sun sanya dukan ma'adinan ƙasar nan a hannun Gwamnatin Tarayya. Ba a haƙa sai da lasin, wanda Ofishin Rajistar Filayen Ma'adinai ke bayarwa. Ƙananan mahaƙa suna iya haɗuwa su kafa ƙungiyar gama kai su nemi lasin irin nasu.

Kammalawa

Abin da a ke roƙon jama'a shi ne abu uku. Mai saye ya tambayi sunan dutse, ya auna nauyinsa kafin ya biya. Mai sayarwa ya kira bowenait da sunansa, ya karɓi kuɗin da ya dace da shi, domin dutsen da Mawori suka rataya a kunne, sarakunan Rasha suka ajiye bisa tebur, ba ya bukatar aron sunan wani. Mai haƙa kuwa ya kai samfur a gwada tukuna, ya nemi lasin, ya kiyaye huhunsa da na 'ya'yansa daga ƙura. Wanda ya karanta wannan bayani ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya karatu ba, musamman a kasuwanni da wuraren haƙa, domin rigakafi ya fi magani.